Giles Hobb Ne Ya Yi Ni

Babban Gida, Stokeley
9 ga Oktoba, 1681

Daga Sa Peregrine Lovibond, mai ƙasar Stokeley da gonakinta da dazukanta da kududdufinta da agwagin da ke ciki, zuwa ga Malam Barnaby Tilsley na Oxford, mai tara labarun manyan mutane.

Gaisuwa irin wadda babba ke yi wa na ƙasa da shi. Muna lafiya, mu da karnukanmu arba'in, sai dai ƙafar hagu da takan taɓa mu in mun cika cin naman barewa. Muna fatan kana lafiya, kuma ka rage faɗawa rami garin kallon tsofaffin duwatsu.

Takardarka ta uku ta iso mu. Kana tambaya a kan marigayi Likita Silvanus Marchant, wanda ya yi wa sarki magani a zamanin yaƙi, ya dawo ƙauyenmu ya rasu shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Ka ce littafinka ba ya neman manyan ayyuka, tunda waɗannan kowa ya sani. Ƙananan abubuwa kake so: launin ido, abin da mutum ke ci, abin da yake tsoro, da maganarsa ta ƙarshe. To, buɗe kunne.

Idonsa na dama ruwan toka ne, na hagu kuwa launin giyar da ta kwana a kofi. Kowace safiya yakan haɗiye kwaɗo ɗaya da ransa, don ya ce kwaɗo na share ciki. Ba ya tsoron takobi, ba ya tsoron annoba, amma in ya hango dinya sai ya sake hanya.

Ranar da zai cika muna tsaye a kansa. Ya tashi zaune, ya nuna sama da yatsa, ya yi magana da Latin da murya mai amo, har tagogi suka girgiza. Mun kwafe maka kalmomin a 'yar takardar da ke cikin wannan, harafi bayan harafi. Ba mu fassara ba, ba don ba mu iya ba, sai don kada mu ƙwace maka sana'a.

Wani abu kuma. Akwai wani saurayi a ƙauyen nan, Jethro Pike, jikan Dorcas da ta yi wa Likita aiki. Mun ji ɗan'uwanka ne ta wajen uwa. Duk ƙasarmu babu mai hankalinsa, ga kyau, ga ladabi, ga ƙarfin jan igiyar ƙararrawar coci. Abin kunya ne a ce irin wannan yaro ba shi da wuƙar aljihu mai ƙotar ƙashi, irin wadda ake sayarwa a Oxford. Ba mu ce komai ba, mun dai faɗa.

Kada ka aiko amsa Babban Gida, karnuka na cin takarda. Ka bi ta hannun Jethro.

Sa Peregrine Lovibond

*

Oxford
2 ga Nuwamba

Zuwa ga Inna Dorcas, da ɗana Jethro mai karanta mata,

Gaisuwa mai yawa. Inna, yaya gwiwa? Kin sha sassaƙen da na aiko, ko kin zuba wa kaji kamar bara? Ni lafiya lau, sai idona da ke ƙara dushewa. Tabarau biyu nake ɗorawa yanzu, mai gidan hayata ta ce na zama mujiya.

Jethro, ja'iri, ga wuƙarka. Ban san me ka yi wa Sa Peregrine ba har yake yabonka haka. Ni dai Jethron da na sani shi ne wanda ya cusa mini bushiya a hula.

Ku taya ni murna! Shekara biyu ina rubuta wa mutumin nan, ko tari bai yi mini ba, yau ga wasiƙa da hatiminsa. Hatimin ma abin kallo ne, zaki ne ko kare ban tantance ba. Rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma manya haka suke, ba su da lokacin gyara hannu.

Maganar kwaɗo na rubuta ta nan take. Amma maganar ƙarshe ita ta hana ni sakat. Farkonta na nufin: "Ina kiran masu rai, ina rakiyar matattu." Irin wannan akan rubuta a jikin ƙararrawa, kun ga hikimar mutumin, ya kwatanta kansa da ƙararrawar gari. Wane likita ne zai faɗi abin da ya fi wannan? Sai da na share hawaye.

Sai dai akwai ƙarshenta. Jethro, sassauta murya a nan. Ya rufe da cewa: "Giles Hobb ne ya yi ni."

Kowa ya san Likita a matsayin ɗan Alƙali Marchant. To wane ne Giles Hobb? Me zai sa mutum yana bakin kabari ya kira sunan wani namiji ya ce shi ya yi shi? Ni dai na fahimta. Asirin da ya riƙe shekara saba'in ne ya sauke. Allah ya jiƙan mahaifiyarsa, ba mu za mu yi mata hukunci ba, amma gaskiya gaskiya ce, kuma babu wanda ya san wannan a duk Ingila sai ni.

Yanzu ga damuwata. Inna, da na zo da rani kin ba ni wata magana dabam. Kin ce kina riƙe da kansa, ya dubi takalmansa dogaye a gindin gado ya ce: "Dorcas, kada a binne ni da su, ba tafiyar ƙasa zan yi ba. Ki ba makiyayin nan Pike, nasa sun yage." Na so maganar nan ƙwarai. Kun san al'adata, kowane labari sai na rubuta sunan wanda ya ba ni a gefen shafi, ban taɓa sa abin da ba shi da mai shi ba. Sunanki na nan a gefen shafi na ɗari da goma sha huɗu. Amma mutum ba ya maganar ƙarshe sau biyu.

Jethro, ka bincika mini abu biyu. Wane ne Hobb? Kuma ka tabbata wasiƙar daga hannun Sa Peregrine kansa ta fito, ba akawunsa ba?

Naku,
Barnaby

*

Stokeley
12 ga Disamba

Kawu Mujiya,

Gaisuwa da ladabi irin wanda Sa Peregrine ya shaida. Muna lafiya. Kaji sun gode da sassaƙe. Wuƙa ta iso, na riga na yanke yatsa da ita, ka ga tana da kyau ke nan. Ga cuku rabin ƙwarya Kaka ta ce a ba ka, in ya iso bai cika rabi ba, mai amalanke za ka tambaya, ba ni ba.

Na karanta wa Kaka wasiƙarka. Wato na karanta mata inda ya dace. Da na zo wajen kwaɗo ta ajiye saƙarta.

Ta ce, "Kwaɗo? Wane ɗan banza ne ya ce Likita na cin kwaɗo?"

Na ce, "Kaka, Sa Peregrine ne fa."

Ta ce, "Shi wannan? Ranar da Likita ya cika yana can yana bin dila a daji. Mutumin da ko ƙwai sai na dafa masa ya yi tauri kamar dutse, shi zai haɗiye kwaɗo?"

Na ce, "To dinya fa?"

Sai ta yi dariya har da tari. Ta ce wannan kam gaskiya ne, ita ce ma take raka shi da tsintsiya in zai wuce bakin kududdufi.

Wajen Hobb na tsallake. Na ce mata tawada ce ta zube a wurin.

Kawu, tunda ka gaya mata sunanta na cikin littafi, Kaka ba ta bar kowa ya huta ba. Ta gaya wa mai niƙa, ta gaya wa matar limamin coci, ta gaya wa akuya. Ran Lahadi ta ce da ni, "Ni da ban san harafi ko ɗaya ba, ga ni a Oxford tare da malamai. Shafi na nawa ma?" Na ce ɗari da sha huɗu. Yanzu ta haddace, takan faɗa kamar addu'a.

Maganar Hobb, ni a ganina ka bi a hankali. Na san sunan. Kusan kullum ina ganinsa, yana sama da kowa a garin nan, kuma in ya yi magana har ƙauye na gaba ana ji. Ka gane? Ka yi tunani, kai ne mai ilimi, ni allon coci kawai na yi, daga baƙaƙe sai addu'ar Ubangiji, sai malamin ya gaji da duka ya sallame ni.

Ka kuma tambaya ko hannun wa ya rubuta wasiƙar. Kawu, kasa kunne da kyau. Hannun da ya rubuta wasiƙar nan, da shi nake cin abinci kullum. Na faɗa maka ke nan. Kada ka ce ban faɗa ba.

Ka bar shafin Kaka yadda yake.

Ɗanka mafi kyau a ƙasar Stokeley,
Jethro

*

Oxford
20 ga Janairu

Ɗana Jethro,

Gaisuwa. Ka gaishe da Inna, ka ce cuku ya iso, kashi ɗaya cikin huɗu. Sanyin bana ya kama mini ƙirji, na yi kwana tara a kwance. Na tashi, amma na ji a jikina cewa ba a ba ni lokaci mai yawa ba. Wannan wasiƙar taka ce kai kaɗai, kada ka karanta mata.

Ka kwantar mini da hankali. Ka ce da hannun da ya rubuta wasiƙar kake cin abinci. Ashe Sa Peregrine ya ɗauke ka aiki, yana ciyar da kai, shi ne ba ka faɗa mini tun farko ba! Na ji daɗi har raina. Kullum ina tunanin yadda za ka yi bayan Inna. Ka riƙe shi da amana. Kuma tunda kana cikin gidansa ka san hannunsa, shakkata ta ƙare.

Abin da ka ce a kan Hobb ma na gane. Yana sama da kowa, ana jin maganarsa har ƙauye na gaba, wato zuriyarsa masu faɗa a ji ne har yanzu, shi ya sa kake tsoron fitowa fili. Kada ka damu, ban sa sunanka ba.

Yanzu abin da ya yi mini nauyi. Na zauna da maganganun nan biyu sati uku. Ɗaya daga bakin mai ƙasa, da hatimi, da Latin da ba zai yiwu a ƙirƙira ba. Ɗaya daga bakin tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda nake ƙauna kamar uwata. Ban ce ta yi ƙarya ba. Wataƙila maganar takalma da safe aka yi ta, ko ana jibi zai cika, tsufa ya haɗe mata kwanakin. Amma malaman nan in suka ga na ajiye shaidar mai sarauta na ɗauki ta 'yar aiki, za su ce son kai na yi wa dangina, su yi watsi da sauran littafin. Jiya na ja layi a kan labarinta, na kankare sunanta daga gefen shafi, na sa na Sa Peregrine. 

Kada ta sani. Ba za ta taɓa ganin littafin ba, bar ta da farin cikinta.

Ka san ba ni da gida, ba ni da mata, ba ni da ɗa. Gonar ubana ta tafi ina can ina auna duwatsu. Mutane na dariya, wai Barnaby mai tsintar gulmar matattu. Amma wa zai tuna cewa wane na da gajeren wuya, wane na waƙa in yana aski, in ban rubuta ba? Shekara talatin ke nan. Abu ɗaya nake taƙama da shi, ban taɓa sa ƙarya da sanina ba.

Ranar ashirin da biyar ga Maris zan miƙa littafin ga ɗakin littattafan jami'a. A can sarƙa suke sa wa littafi su ɗaure shi a kanta. Daga ranar ko ni ba ni da ikon taɓa harafi ɗaya.

In na mutu, tabarau ɗin naka ne, duka biyun. Ka ƙona tururuwa da su, na san abin da za ka yi ke nan.

Kawunka,
Barnaby

*

23 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa. Ina fatan ƙirjin ya saki. Kaka na lafiya. Ni ma lafiya, sai kunnen hagu da ya kumbura, za ka ji dalili.

Wasiƙarka ta Janairu sai ran sha tara ga wannan wata ta iso. Ƙanƙara ta rufe hanya, da ta narke kuma ruwa ya cinye gada, mai amalanke ya ajiye jakarsa a wani masauƙi wata biyu. Ni kuwa ina nan ina cewa Kawu ya gane wasana, ya yi fushi, shi ya sa ya yi shiru, bari ya huce. Da na karanta sai na zauna a bakin rijiya.

Ka ce kada in karanta mata. Na karanta mata. Duka, har da ta Nuwamba, har inda na ce tawada ta zube.

Ba ta yi kuka don sunanta ba. Da na kai wajen kankarewa cewa ta yi kawai, "To." Ta ci gaba da saƙa. Amma da ta ji abin da aka rubuta a kan mahaifiyar Likita sai ta miƙe ba sanda.

Ta ce, "Uwargida Marchant? Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da mayafi? Wane la'ananne ne ya ɗora mata wannan?"

Na ce, "Kaka, ba wanda ya ɗora mata. Kuskure ne. Hobb ɗin ba mutum ba ne. Wato mutum ne, amma..."

Ta ce, "Jethro. Dube ni."

Na dube ta.

Ta ce, "Kwaɗon ma kai ne?"

Kunnen ke nan.

Kawu, ga yadda aka yi. Sau uku kana ba ni takarda in kai Babban Gida. Ta farko mai gadi ya kore ni. Ta biyu suka sakar mini kare. Ta uku na kai har gaban Sa Peregrine, ya juya ta, ya ce, "Wane ne kuma wannan mai bin kaburbura?" Ya murɗe ta ya kunna lofensa da ita ina tsaye. Na dawo ina jin haushi. Na ce mutumin da ke jiran amsa shekara biyu ai ya kamata ya samu, ko da daga wurina ne. Na kuma ce za ka yi dariya. Na ɗauka daga kwaɗo za ka gano ni, in ba haka ba daga wuƙa. Wa ke yabon Jethro in ba Jethro ba?

Takardar daga bayan littafin limamin coci na yago ta. Hatimin maɓallin rigar soja ne da na tsinta a gona, ga shi a cikin wannan, ka duba ko zaki ne ko kare, ni ma ban sani ba. Latin kuwa ban san ko kalma ɗaya ba. Na hau hasumiyar coci na kwafe abin da ke jikin babbar ƙararrawa, wadda nake ja kullum. Ban san inda maganar ta tsaya ba, sai na kwashe duka. Giles Hobb shi ne maƙerin da ya zuba ta. Ƙararrawa ce ke cewa shi ya yi ta. Yana sama da kowa, ana jin sa har ƙauye na gaba. Na ɗauka na faɗa maka a fili. Hannun da nake cin abinci da shi kuma, Kawu, nawa ne, na dama, mai tabon wuƙarka.

Na san kai ba ka karɓar magana sai da shaida. Na sake hawa, na manna takarda a jikin ƙararrawar na goga gawayi, rubutun ya fito, har da shekarar da aka zuba ta, wadda na bari a baya don na gaji. Ka ɗora tabarau biyun ka gani.

Ba ka sa ƙarya da saninka ba. Ni na sa. In malaman nan za su yi dariya, ni za su yi wa. Ka buɗe shafi a ƙarshen littafin ka rubuta: Jethro Pike, maƙaryaci, ido biyu launin ƙasa, yana cin duk abin da ya samu, yana tsoron kakarsa. A gefe ka sa sunana, ni na ba da labarin.

Amma ka mayar da ita shafi na ɗari da sha huɗu. Ita ta riƙe kansa. Ta ce in gaya maka ba ta rikice ba, ran Talata ne, ana ruwa, kuma bayan maganar takalma bai ƙara cewa komai ba. Ta ce ita ta kai wa makiyayi Pike takalman da hannunta, ya sa, suka yi masa daidai, ya rasa abin da zai ce mata sai ya ce ta aure shi. Dukansu sun taɓa aure, dukansu an mutu an bar su, kuma a wajen wannan makiyayin na tashi har nake amsa sunansa. Wannan ba ta gaya maka da rani ba, wai ba ka tambaya ba. Ta ce dinyar ka bar ta, gaskiya ce, amma ita ma a sa sunanta a gefe.

Saura kwana biyu a ɗaure littafin, kuma na daina yarda da mai amalanke. Kaka ta buɗe akwati ta fito da takalman. Sau uku aka sake musu ƙasa, amma saman na Likita ne. Ta ce, "Shi ya ce ba tafiyar ƙasa zai yi ba. Kai za ka yi." Kwana uku na yi a hanya. Sun yi mini yawa, na cusa ciyawa.

A kan ganga nake rubuta wannan, a ƙofar mai gurasa da ke kallon gidanku. Zan ba mai gidan hayarka ta hau maka da ita, don ban iya hawa matakalar nan ba tukuna. In ka gama, leƙo ta taga. In ka jefo mini hula, zan hau. In tukunyar tawada ka jefo, zan tsaya ta same ni, sa'an nan in hau.

Ni ne mai ƙasar Stokeley da gonakinta da agwaginta,
Sa Peregrine Lovibond,
wato ɗanka Jethro Pike, mai jan igiya, wanda ke tsaye a ƙasa cikin takalman Likita.